Kukan Firinta a Kilomita Biyar

Ranar Juma'a, da an sallame a babban masallacin Koudoukou, ba kowa ne ke nufar gida ba. Wasu kasuwa suke komawa, wasu kuma shagunan buga takardu na bakin titi, kowa da abin da ya riƙo. Wannan takardar haihuwa ce zai yi wa kwafi, wancan ɗalibi ne da aikin makaranta a cikin filashi, ga ɗan kasuwa da takardun kayansa da ke hanya daga Duwala. A ɗaya daga cikin shagunan nan, daidai lokacin da ciniki ya kankama, sai firinta ta yi kunnen ƙashi. A tura aiki, shiru. A sake turawa, shiru. Yaron shago ya danne maɓallin kwamfuta har ta mutu, a kashe komai a kunna, wani lokaci a dace, wani lokaci sai bayan La'asar, alhali masu takardu sun gaji da tsayuwa sun tsallaka wajen maƙwabci.

Unguwar ita ce Kilomita Biyar, wadda a takarda ake rubutawa PK5, a gunduma ta 3 ta birnin Bangui, Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Nan ne cibiyar Musulmin birnin, nan ne kuma babbar kasuwarsa, inda za ka ji Hausa da Fulatanci da Larabcin Chadi suna cakuɗe da Sango, harshen kowa da kowa. Duniya ta san sunan masallacin ne ranar 30 ga Nuwamba, 2015, da Fafaroma Francis ya shigo shi a lokacin da unguwar take kamar a killace, bayan rikicin da ya ɓarke a 2013. Mutane da yawa sun rasa gidaje a wancan rikici, takardunsu kuma suka tafi tare da gidajen. Don haka a nan takarda ba abin wasa ba ce, shagon da ke buga ta kuma ba ya rasa jama'a.

Mai shagon, wani dattijo da kowa ke ce wa Alhaji, yana da kwamfutoci biyar da firinta biyu. Akwai kuma wata ta shida a ƙarƙashin teburi, tsohuwa, ta hannu, wadda ba mai zama a gabanta. Ita ce uwar garke. Duk aikin da aka tura daga sauran biyar ɗin, wajenta yake fara sauka kafin ya wuce firinta. Masu gyara biyu sun riga sun duba ta. Na farko ya ce ƙwayar cuta ce, ya goge komai ya sake zubawa, ya karɓi kuɗinsa, bayan mako biyu abin ya dawo. Na biyu ya buɗe kundin da Windows ke rubuta abubuwan da suka faru, ya ga jajayen alamu rututu, ya ce babbar firintar ce ta tsufa, a sayo sabuwa. Sayo sabuwa a Bangui magana ce mai tsawo, domin kusan duk kayan na'ura ta tashar jirgin ruwan Duwala suke shigowa, su bi mota ta Garoua-Boulaï da Bouar, tafiyar fiye da kilomita 1,000. Alhaji har ya fara tambayar farashi, sai wani abokin sahunsa ya ce ya dakata, akwai wani yaro.

Yaron nan, wanda a gaskiya ya haura talatin, shi ne dalilin rubutun nan. Na ga masu gyara iri-iri, galibinsu hannunsu ya fi idonsu sauri. Shi kuwa ya shigo babu sukundireba, babu faifai, sai littafin rubutu na 'yan makaranta da biro. Ya gaida Alhaji, ya nemi a jona wa uwar garke allo, ya zauna a benci. Abin da ya fara yi ya ba ni mamaki: agogon kwamfutar ya duba, ya gwada da na wayarsa. Ya tarar tana baya da minti goma sha ɗaya, ya rubuta a saman shafi. Na ce masa, "Malam, ina ruwan agogo da firinta?" Ya ce duk abin da zai karanta yanzu da lokaci aka rubuta shi, idan agogon ƙarya yake yi to shaidar ma ta karkace. Ya ce 'yar batirin nan mai kamar kwabo da ke riƙe agogon kwamfuta, CR2032, idan ta yi sanyi a garin da wuta ke yawan ɗaukewa, sai ka ga kundi yana ba da labarin shekarar da ba a ma ƙera na'urar ba.

Kundin da ake magana yana cikin Windows tun NT 3.1 ta 1993. Ta Alhaji da Faransanci take magana, don haka sunansa a can Observateur d'événements, amma a ko'ina kake idan ka rubuta eventvwr.msc zai buɗe. A ciki akwai littattafai daban-daban, biyu ne suka fi shafar mai gyara: na tsarin kwamfutar kanta, da na manhajojin da aka ɗora mata. Kowane layi yana ɗauke da abu huɗu, wato lokacin da abin ya faru, wanda ya kawo rahoton, lambar irin abin, da nauyinsa, ko sanarwa ce kawai, ko gargaɗi mai alamar ruwan ɗorawa, ko kuskure mai ja. Bayanin yana canzawa da harshe, lambar ba ta canzawa. 7031 a Bangui ita ce 7031 a Kano da Maraɗi da Tokyo. Wannan ne ya sa mai gyaran da ya iya lambobi zai zauna gaban kwamfutar da ba ya jin harshenta ya karanta ciwonta.

Da nake kallonsa yana aiki, ga hasumiyar masallaci ta taga, sai malaman hadisi suka faɗo mini a rai. Su ma ba sa karɓar magana don ta yi daɗi ko don ta yi yawa a bakin mutane. Wa ya faɗa? Daga wa ya ji? Sun ma haɗu kuwa? Haka yake bin kowane layi. Yawan ja bai tsorata shi ba. Ya ce mai gyara na biyu ba ƙarya ya yi ba da ya ce kurakurai sun yi yawa, laifinsa ɗaya, bai tambayi ko duk bakinsu ɗaya ba.

Sai ya tace. Ya ce wa kundin ya nuna masa jajaye kaɗai na wata uku, ya jera su bisa lamba. Nan take tulin nan ya rabu gida uku.

Gida na farko lamba 41 ce da 6008. Duka biyun abu ɗaya suke faɗa: kwamfutar ta mutu ba tare da an kashe ta yadda ya kamata ba. A Bangui wannan ba labari ba ne. Wutar birnin ta daɗe tana dogara da ruwan Boali, kusan kilomita 100 arewa maso yamma, kuma ba ta isar kowa a lokaci guda, shi ya sa kowane shago da janaretansa. Amma uwar garken Alhaji tana kan batirin ajiya, bai kamata ta riƙa mutuwa da rana tsaka ba. Ya ɗago kai ya dubi yaron shago, ya ce, "Ƙanena, idan ta ƙi, maɓallin kake dannewa?" Yaro ya sunkuyar da kai. Kundi ya tona shi, har da ranaku da mintuna. Sai dai mai gyaran ya kare shi a gaban Alhaji, ya ce wannan ba shi ne ciwon ba, maganin da yaron yake bayarwa ne, kuma kowane 41 na rana yana zuwa ne bayan wani abu ya riga ya faru.

Gida na biyu shi ya fi yawa, lamba 1111, kullum bayan La'asar. Wannan ita ta ruɗi mai gyara na biyu, domin bayaninta yana ambaton firinta da direba ƙarara. Ashe ɗan Alhaji ne yake shiga uwar garke daga laftof ɗinsa don yin lissafin rana. Duk sanda ya shiga, laftof ɗin sai ta gabatar da firintocin da ta sani, har da wata ta makaranta da ya taɓa amfani da ita sau ɗaya, uwar garke kuma ta rubuta cewa ba ta da direbansu. Ba abin da ya lalace. Ƙorafi ne kawai, irin na tsohuwar da ake kawo wa baƙi ba sanarwa. Maganinsa cire alama ɗaya a tagar da ɗan yake shiga da ita. Amma bai taɓa ta ba a ranar, ya dai rubuta a littafi, ya ja layi a ƙarƙashi.

Gida na uku ƙanƙane ne, bai kai layi hamsin ba, kuma a nan gizo ke saƙa. Kafin in faɗi abin da ya gani, sai na yi bayanin yadda takarda ke tafiya, da misalin da shi kansa ya ba Alhaji.

Ya ce, "Baba, ka ɗauka uwar garke tashar mota ce." Takardun da ake turowa su ne fasinjoji. Akwai ɗan kamasho guda ɗaya tak da ke karɓarsu, ya rubuta su, ya zaunar da su a rumfa, ya tura kowa motarsa bi da bi. A Windows sunansa spoolsv.exe, masu sana'ar suna ce masa sifula, rumfarsa kuma wata jaka ce mai suna PRINTERS, inda kowane aiki ke zama a matsayin fayil biyu, ɗaya kayan da za a buga, ɗaya takardar bayaninsa. Kowace firinta tana da direbanta, manhajar da ta san yarenta. To kamfanonin firinta ba sa tsayawa a direba. Faifan da ke zuwa cikin kwali yakan ɗora wasu 'yan rakiya: mai duba saura nawa tawada, mai neman firinta a layin sadarwa, mai tunatar da kai ka sayi sabon kwalin tawada. Wasu daga cikin waɗannan ba a waje suke tsayawa ba, cikin rigar ɗan kamashon suke shiga. Idan ɗayansu ya yi tuntuɓe, da ɗan kamashon suke faɗuwa, tasha ta tsaya cak, har motar da ba ruwanta.

Alhaji ya ce, "Shi ya sa ƙaramar ma take ƙi?" Ya ce shi ya sa. Kuma wannan kaɗai ya isa ya wanke babbar firintar daga zargin tsufa, domin tsufan wannan ba ya hana waccan aiki.

Layukan gida na uku uku-uku suke zuwa: 7031, bayan 'yan mintuna 7031, sannan 7034. Ya ce wannan sawu ne sananne. Windows takan tashi sifula idan ya faɗi karo na farko, ta sake tashinsa a na biyu, a na uku ta ƙyale shi a kwance. 7031 na nufin ya faɗi an tashe shi, 7034 na nufin ya faɗi ba wanda ya zo. Daga nan ne shago ke jin shiru. Amma waɗannan ba sa faɗin wanda ya kayar da shi. Don haka ya ɗauki lokacin 7031 na farko, har daƙiƙa, ya tsallaka littafin manhajoji, ya nemi abin da aka rubuta a wannan daƙiƙar. Ga shi nan, lamba 1000, da sunan sifula, da kuma sunan guntun manhajar da ta jawo faɗuwar. Ya bi sunan har inda fayil ɗin yake, ya buɗe bayanansa. Na kamfanin babbar firintar ne, ɗan rakiyar nan mai kula da hanyar sadarwa. Ya duba sauran ranakun ɗaya bayan ɗaya. Sunan bai canza ba ko sau ɗaya.

Da wani ne, a nan zai miƙe ya cire manhajar ya karɓi kuɗi. Shi kuwa sai ya ce saura tambaya ɗaya: me ya sa take faɗuwa wasu ranaku, wasu ta yini lafiya? Ruwa ba ya tsami banza. Ya kwafe ranaku da lokutan a littafinsa, ya ƙara minti goma sha ɗayan nan, ya nemi kalandar da ke rataye a bango. Fiye da rabi Juma'a ce, tsakanin ɗaya da kwata da biyu saura. Sauran a warwatse suke cikin mako, amma babu ko ɗaya da sassafe, babu da dare. Ya ajiye biro ya fara hira da Alhaji, hirar da in ba ka sani ba sai ka ce ta zaman banza ce. Wa ke buɗe shago da safe? Alhaji, shi kaɗai, bayan ya dawo daga Asuba ya ɗan huta. Wace waya yake riƙewa? Ƙarama mai tocila. Idan za a tafi masallaci ranar Juma'a me ake kashewa? Soket ɗin bango gaba ɗaya, ban da uwar garke. Rauta a kan wane soket take? Wannan ɗin dai. Mutum nawa suka san kalmar sirrin wayifai na shagon? Alhaji ya yi dariya, ya ce ai rabin layin nan.

Shi ke nan, bakin zare ya fito. Kowace na'ura a layin sadarwa tana buƙatar adireshi, kuma rauta ce ke rabawa. Irin ƙaramar rautar Alhaji, idan aka kashe ta takan manta wa ta ba me, ta sake rabo daga farko, wanda ya riga zuwa shi ke samun lambar farko. Da safe ba kowa, babbar firinta ce ke fara zuwa, kullum ta sami lambarta ta jiya. Ranar Juma'a kuwa, ana kunna soket, rauta ta tashi cikin minti guda, ga wayoyi goma a aljihun waɗanda suka fito daga masallaci, kowace ta cafke adireshi, ita kuwa firinta tana can tana ɗumama jiki. Kafin ta farka wayar wani ta gaje gidanta. Ɗan rakiyar nan ya je tsohon adireshi yana tambayar tawada saura nawa, ya tarar da baƙo a gidan, amsar da yake jira ba ta zo yadda ya saba ba, ya ruɗe, ya faɗi da ɗan kamasho. Sauran ranakun da ke warwatse kuwa, lokutan da aka ɗauke wuta ne shago cike da mutane, aka koma janareta.

Abin da ya yi bayan haka shi ya sa na sara masa. Ya ce, "Baba, da izininka zan kashe ta a gabanka." Ranar Talata ce, komai yana aiki lafiya lau. Ya kashe rauta da firinta, ya kira yaran shago da maƙwabta biyu su tsaya kusa da wayoyinsu, ya kunna rauta, ya jira minti biyu, sannan ya kunna firinta. Muka zuba wa allo ido. Ba a daɗe ba sai ga 1000, sai ga 7031 a bayanta. Alhaji ya ce, "Ikon Allah." Mutumin da zai iya kiran ciwo ya zo a sa'ar da ya ga dama, ba sai an tambaye shi ko ya gane ciwon ba.

Gyaran kansa bai kai rabin awa ba, ba kuma wani abin kallo a ciki. Ya fara adana kwafin kundin a filashi, domin shi ba ya goge kundi, ya ce wanda ya fara da gogewa kamar alƙalin da ya kori shaidu ne don kotu ta yi shiru. Ya ba firintocin biyu adireshi na dindindin a wajen jerin da rauta ke rabawa, ya rubuta a sol-tef ya manna a jikin kowace. Ya tsayar da sifula, ya share ayyukan da suka maƙale a rumfa, ya cire tarkacen kamfanin gaba ɗaya ya bar direba tsirara, ya haɗa ta da hanyar Windows ta asali, ta ƙofa mai lamba 9100 da kusan kowace firintar ofis ke saurare. Ya leƙa rajistar kwamfutar ya tabbatar ɗan rakiyar bai bar sunansa a jerin masu shiga rigar sifula ba, bayan ya ajiye kwafin wurin. Ya kuma kunna abin da Windows ta zo da shi tun 2009, wanda ke ware direba a ɗakinsa daban, don in ya faɗi ya faɗi shi kaɗai. Ya gaya wa Alhaji abin da zai rasa: 'yar tagar nan da ke nuna saura nawa tawada ba za ta sake fitowa ba. Sai ya nuna wa yaron shago yadda zai rubuta adireshin da ke sol-tef a burauza, firintar da kanta ta nuna masa.

Kada a ɗauka wannan ƙaramin fage ne na masu shago. A 2010 an gano cewa Stuxnet, manhajar ɓarnar da ta lalata injinan tace yuraniyom na Iran a Natanz, ta yi amfani da wata ɓaraka a sifula wajen tsallakawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta. A tsakiyar 2021 wata ɓarakar da aka laƙaba wa PrintNightmare ta sa ma'aikatu a duniya suka riƙa kashe sifula a manyan kwamfutocinsu har Microsoft ta fitar da faci. A Satumba 2023 kuma kamfanin ya sanar cewa zai daina rarraba direbobin kamfanonin firinta a hankali, a koma ga direba guda na bai ɗaya. Har ma akwai tsohon labarin Richard Stallman, wanda wajen 1980 a jami'ar MIT ta Amurka aka hana shi ganin cikin manhajar wata firinta mai yawan cushewa, takaicin ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da suka kai shi ga kafa GNU a 1983. Firinta dai ta daɗe tana sa masu ilimi surutu.

Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne 1111 ɗin da ya bari. Na tambaye shi, tunda ya san maganinta, kuma daƙiƙa biyar ce, me ya hana? Ya ce idan ya gyara abu biyu rana ɗaya shago ya warke, Alhaji ba zai taɓa sanin wanne ne ya warkar ba, shi ma kansa zato zai riƙa yi. Ya ƙi karɓar cikakken kuɗinsa, ya ce rabi yanzu, rabi bayan Juma'a.

Ranar Juma'ar tare muka fito daga masallaci. Shago ya cika, wayoyi a aljihu, yaro ya kunna soket. Mai gyaran bai ko kalli firinta ba, tana ta aman takardu a bayansa. Ya zauna a bencinsa, aka miƙo masa shayi, ya buɗe kundi ya tace jajaye daga bayan gyaran Talata zuwa ranar. Layi uku ne, duka 1111, duka bayan La'asar. Ya juya ya ce wa Alhaji, "Baba, a kira mini mai laftof ɗin."